Kwana a tanti da yara a tsibiri a Malesiya, zai yiwu kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na uku a nan Serdang, iyalina suna tare da ni, yara uku, babbar shekararta 9, mai bi mata 6, auta kuma 2. Saura kamar shekara ɗaya mu tattara mu koma gida kuma har yau yaran nan basu taɓa ganin teku ido da ido ba. So nake in kai su tsibirin Perhentian a hutun Disamba mu kafa tanti mu yi kwana huɗu ko biyar, don kuɗin otal ya fi ƙarfina. Maman yara ta ce sam, wai haka kawai za mu bar ɗaki mu je mu kwana a daji. Dan Allah zai yiwu kuwa, kuma me zan tanada?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya raya mana zuri'a. In na fahimce ka da kyau abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, wurin da zaku je wato Perhentian, lokacin da zaku je wato Disamba, sai kuma kwana huɗu ko biyar a tanti da ɗan shekara 2. Toh zai yiwu, kuma ni ina bayanka ka kai su, yaro ya zauna ƙasar nan ya koma gida bai ga irin ruwan nan da kake hango kifi a ƙasansa kana tsaye a kan yashi ba ai an yi masa rowa. Amma ukun nan da ka lissafa babu wanda zan bari yadda ka tsara shi. Na daɗe ina fita irin wannan zango da iyalina da kuma iyalan ɗalibai 'yan'uwanmu, kuma abin da na tsaya a kai shi ne in akwai ƙaramin yaro a tafiya, ba kyawun tsibiri ake fara dubawa ba, saurin fita daga cikinsa ake dubawa in wani abu ya taso cikin dare.

Disamba ba lokacinsa ba ne

Perhentian yana gabar gabas ne, jihar Terengganu, ɓangaren tekun Kudancin Sin. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar monsun ta arewa maso gabas ce ke kaɗawa a wannan ɓangaren, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wani lokacin kwana da kwanaki bai ɗauke ba, teku kuma ya haukace da igiyar ruwa. A watannin nan ne kake jin labarin ambaliya a Kelantan da Terengganu kusan duk shekara. Yawancin masaukai a Perhentian da Redang da Kapas rufewa suke daga wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba sai wajen Fabrairu ko Maris su buɗe, jiragen ruwan ma raguwa suke sosai, wata rana ba mai fita gaba ɗaya. Kai da ke zaune a Serdang ta jihar Selangor ba lallai ka ji abin a jikinka ba saboda tsaunukan tsakiyar ƙasar suna tare muku kaso mai yawa, shi ya sa mutanenmu da yawa ke ruɗuwa su ɗauka yanayin Kuala Lumpur shi ne na ko'ina.

Don haka ka cire Disamba a lissafin gabar gabas. Lokacin da ya fi daga Afrilu ne zuwa Satumba, ruwa ya kwanta ya yi garau. Ko a lokacin ma hadari yana tasowa da yamma ko cikin dare ya zubar da ruwa na awa ɗaya ko biyu da tsawa, amma wannan wucewa yake. In da hali ka kauce wa hutun makarantun Malesiya da kwanakin Sallah, don wuri cika yake farashi ya tashi. Ka kuma tuna a Terengganu Juma'a da Asabar ne ƙarshen mako ba Asabar da Lahadi ba, kaga wanda ya shiga Lahadi da rana ya fito Talata ya fi kowa samun sarari. Wasu shekarun kuma wajen Agusta zuwa Oktoba hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya yana rufe sama, kamar yadda aka yi a 2015 da 2019, in akwai mai asma a yaran sai ka lura da wannan.

In kuwa Disamban ne kaɗai damarka, sai ka juya gabar yamma, Pangkor a jihar Perak ko Langkawi a Kedah, su monsun ɗin nan bai cika dukansu ba, Langkawi ma lokacin rani yake shiga. Ruwansu bai kai na gabas haske ba, amma garuruwa ne masu titi da mota da shaguna, wanda ga mai goyo ba ƙaramin abu ba ne.

Wane tsibiri

Nan ne nake son ka ɗan tsaya ka yi tunani. Perhentian biyu ne, Besar da Kecil, daga tashar jirgi ta Kuala Besut ake shiga, tafiyar minti 30 zuwa 45 a ƙaramin jirgi mai gudu, kuma in ruwa bai kwanta ba jirgin buga ƙasa yake yana tsalle, babba ma sai ya riƙe ƙarfe balle ɗan shekara 2 a cinya. Kafin ka kai Kuala Besut ɗin ma kwana zaku yi a bas daga TBS, babbar tashar bas ta Kuala Lumpur, kusan awa 8. Akwai ƙauye a Kecil mai masallaci a bakin ruwa da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, amma babu titi a tsibiran, yawancin zirga-zirga daga wannan gaɓa zuwa waccan a kwale-kwale ake yi ana biya, in kuma ciwo ya wuce ƙarfin ƙaramin asibitin sai an tsallaka teku an tafi Jerteh. Sannan gaɓar Long Beach da ta fi suna a Kecil wurin matasa 'yan yawon duniya ne, kiɗa da shaye-shaye har tsakar dare, ba inda zaka kai maman yara ba ne, in ka dage sai Perhentian to Besar ya fi natsuwa.

Tioman kuma babba ne, yana jihar Pahang amma daga Mersing ko Tanjung Gemok ake shiga, kusan awa biyu a jirgi, kuma lokacin tashin jirgi a Mersing ya danganta da cikowar ruwa, ba kullum yake daidai ba. Wuri ne mai kyau, amma ya yi nisa da tudu ga tafiyar farko.

Ni a wurinka Kapas zan je. Ƙaramin tsibiri ne a Terengganu ɗin dai, daga tashar jirgi ta Marang minti 15 zuwa 20 ne kacal, kana tsaye a gaɓarsa kana hango tudu. Marang kuma bai fi rabin awa a mota zuwa Kuala Terengganu ba inda babban asibitin jihar yake, Sultanah Nur Zahirah. Babu mota a tsibirin, babu hayaniya, yashi fari mai laushi, ruwan bakin gaɓa ba zurfi a wurare da yawa, akwai wuraren zango da ake biyan kuɗi masu banɗaki da famfo, akwai kuma ƙananan ɗakunan haya kusa da su. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, don tsarin da nake ba duk mai ƙananan yara shi ne ya kafa tanti a inda ɗakin haya bai fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba, kuma kuɗin ɗakin na dare ɗaya yana aljihunsa a ware. In dare ya yi daɗi alhamdulillahi kuɗinka na nan, in hadari ya taso ko auta ya ƙi barci ku kwashe ku shige ɗaki, ba wanda ya ci baya. In zaka tuƙa mota ne, ta Karak zaka bi ka hau babbar hanyar gabar gabas, wajen awa biyar, ku kwana a Marang ko Kuala Terengganu ku shiga jirgin safe kowa ya huta.

Jirage a nan da rana suke aiki, la'asar sakaliya na ƙarshe ya tashi. Ranar da kuka sauka, kafin ma ka buɗe jaka, ka samu mai wurin ka tambaye shi in yaro ya rikice ƙarfe biyun dare wa ake kira ya fitar da ku, nawa ake biya, ka karɓi lambar ka ajiye a wayarka da ta madam. Lambar gaggawa ta ƙasar 999 ce. Mai wurin da ya kasa amsa maka wannan tambayar kar ka kwana a wurinsa.

Kwana kuma biyu sun isa. Daren farko kusan ba mai yin barcin kirki, na biyu jiki ya saba, daga na uku gishiri da yashi da zafi sun fara cin fatar yara, ƙurajen zafi sun feso, kayan sawa duk sun yi laima sun ƙi bushewa. Gara su dawo suna roƙon a koma.

Maganar maman yara

Kar ka ɗauki maganarta a matsayin tsoro kawai, tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Mu a al'adarmu ba a kwana a waje don nishaɗi, wanda ya kwana a tanti ko dai alhaji ne a Mina ko kuma wanda wata masifa ta raba da gidansa, dole abin ya zo mata banbaraƙwai. Sannan ita ta san wa aikin zai faɗa wa. In kai kana can kana ɗaukar hoto ita tana fama da girki a durƙushe da wankin famfas da neman inda za ta canza kaya ba a ganta ba, ai ita ba hutu ta je ba. Abin da na ga yana sa mata su yarda su kuma ji daɗi shi ne a nuna musu hoton banɗakin wurin tun kafin a tafi, a tabbatar na mata daban yake kuma yana da ƙofa mai sakata da ruwa, a ɗauke musu girki, kai ka riƙe manyan yaran biyu dungurungum. Ka samo ɗan ƙaramin tantin nan na tsaye na canza kaya, ba shi da tsada a kasuwar intanet ta Shopee. Kayan wanka na mata masu rufe jiki da hijabinsu kuwa ba inda ya kai ƙasar nan samunsu, kuma a Terengganu matan Malay da suturarsu suke shiga ruwa, ba wanda zai kalle ta. In duk da haka ta ce ita dai ɗaki, ka kama mata ɗaki ita da auta, kai da manyan ku kwana a tanti a gefe, an yi haka ba sau ɗaya ba kuma kowa ya dawo da fara'a.

Ka kuma tabbatar wurin zangon mai rajista ne da hukuma. A Disamban 2022 zaftarewar ƙasa ta binne wani wurin zango a Batang Kali a nan Selangor cikin dare, mutum 31 suka rasu, da yawansu yara, daga baya aka ce wurin ba shi da lasisin zango. Tun lokacin ni ba na kai kowa inda kawai aka share fili aka sa allo. Kuma ko mai rajista ne, kar ka yarda da fili a gindin gangare ko bakin hanyar ruwa.

Tanti da zafi

Abin da zai dame ku a tanti ba sanyi ba ne, gumi ne. Da rana zafi na kaiwa digiri 31 zuwa 33, da dare ba ya sauka ƙasa da 24 ko 25 sosai, ga laima a iska, zufa ba ta bushewa a jiki irin yadda take yi a busasshen zafinmu na gida. Don haka tanti mai riɓi biyu zaka nema, na ciki kusan duk raga ce mai ƙananan ido, na waje kuma rufin ruwan sama da zaka iya naɗe gefensa iska ta ratsa. A jikin kwalin zaka ga lambar ƙarfin tare ruwa, ka nemi 2000 zuwa 3000. Ku biyar ne, ka ɗauki na mutum shida, don lissafin masu tanti na mutanen da suka kwanta a matse ne ba jaka ba komai. Wasu wuraren zangon suna ba da hayar tanti a kafe da katifa, in wannan ce tafiyarku ɗaya tilo kafin ku koma gida haya ta fi saye, amma ka nemi a turo maka hoton ainihin tantin ka duba raga ba ta yage ba zif na aiki.

Tamfol babba guda ɗaya da igiya ya fi rabin kayan da mutane ke jibga amfani. Ka ɗaure shi sama da tantin da ɗan tazara, ya tare rana ya tare ruwa, ƙarƙashinsa kuma ya zama falonku. Turakun ƙarfe sirara da ke zuwa da tanti ba sa riƙe yashi, iska kaɗan ta tuge su, ko ka sayi masu faɗi na yashi ko ka cika leda da yashi ka ɗaura igiya ka binne ta. Fanka mai caji guda biyu, fawa bank, tocila ta goshi, tabarma, zanin gado maimakon bargo. Bokiti ko roba da ruwa a bakin ƙofa kowa ya wanke ƙafa kafin ya shiga, in ba haka ba a kan yashi zaku kwana.

Wajen kafawa kuma ka ɗaga kai sama tukuna. Kar ka kafa a gindin bishiyar kwakwa komai daɗin inuwarta, ƙwallo ɗaya ya faɗo daga can sama a kan yaro magana ta ƙare, busassun rassanta ma suna faɗowa. Sai ka duba ƙasa, zaka ga layin da ruwa ya ajiye ganye da itace da tarkace, nan ne iyakar inda teku ke kaiwa in ya ciko, ka wuce shi sosai zuwa sama. In aka fara tsawa da walƙiya tanti ba mafaka ba ne, ku shiga gini, kowa ya fito daga ruwa, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Ka sauke manhajar myCuaca ta hukumar yanayin ƙasar ka riƙa dubawa tun ana saura kwana uku.

Ruwan kansa

Wannan shi ne abin da ke hana ni barci in na fita da iyalai, ba maciji ba ba biri ba. Yaranmu galibi basu iya iyo ba, mu iyayen ma da yawanmu haka, kuma yaro in yana nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa yadda ake nunawa a talabijin, shiru yake tafiya, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace maka, kuma ɗan shekara 2 ruwan da bai kai gwiwarka ba ya ishe shi. Dokar da nake sawa kuma ba na sassauta ta ga kowa ita ce, duk lokacin da yaro ke cikin ruwa ko bakin ruwa akwai babba ɗaya da aikinsa kallo ne kawai, ba waya a hannunsa, ba hira, in zai tashi sai ya kira sunan wani ya miƙa masa ya ji ya amsa. Yawancin abin da ke faruwa yana faruwa ne lokacin da manya suka fi yawa, kowa ya ɗauka wani na kallo. Auta kuma kullum inda hannunka zai kai gare shi ba tare da ka taka ba.

Ka saya wa kowane yaro rigar ruwa daidai jikinsa tun daga Kuala Lumpur, laif jaket na gaske mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, saboda na cikin jirage yawanci na manya ne, yaro zamewa yake ya fita ta ƙasa. Balan-balan ɗin hannu da tayar roba kayan wasa ne, iska ma tana iya jan yaro da su zuwa ciki. A jirgi kowa ya ɗaura tasa kafin a tashi ko da matuƙin bai ce ba, in ka ga an cika jirgi fiye da kima ka sauko da iyalinka ka jira na gaba, kuma ban da yawon jirgi da dare. Da dare kuma ka ɗaure zif ɗin tanti daga sama inda hannun auta ba zai kai ba, ka kwanta ta bakin ƙofa, don yaran nan da asuba suke farkawa kuma ruwan yana nan taku kaɗan.

Takalmin ruwa na roba ga kowa. Murjani yana yanka kamar reza kuma ciwonsa saurin ruruwa yake a wannan laima, in ya yanki yaro a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu sosai a cire ɓurɓushi a sa maganin ciwo. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu, Malay suna ce mata landak laut, ka nuna wa yara hotonta tun a gida. Akwai kuma obor-obor, wata aba mai yauƙi kamar farar leda da zare-zare tana yawo a ruwa, in ta taɓa fata zafi kamar wuta. Ka tafi da kwalbar binega, cuka suke ce mata a shago, a kwarara a wurin kamar daƙiƙa 30, kar a murza, kar a zuba ruwan famfo don yana ƙara fasa dafin. In yaro ya fara wahalar numfashi ko jiri ko amai, ba jira, a kira jirgi. Wannan ya fi zama abin lura a Langkawi, ka tambayi mutanen wurin kafin ku shiga.

Rana ma tana ƙona baƙar fata, kar wani ya ce maka mu ba ruwanmu. Man kare rana mai lamba 30 ko sama, riga mai dogon hannu, hula, kuma daga wajen 11 zuwa 3 kowa na inuwa. Wasan ruwa da safe da bayan la'asar.

Kapas da Perhentian da Tioman duk wuraren da gwamnati ta keɓe ne don kare halittun ruwa, ana biyan kuɗin shiga a tashar jirgi kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa. An hana kamun kifi cikin mil biyu na ruwa daga gaɓa (a Kapas mil ɗaya), an hana ɗibar murjani da ƙwanso ko da matacce ne, ka faɗa wa yara tun da wuri don aljihu za su cika. Watannin da nake cewa ku je su ne kuma lokacin da kunkurun teku ke hawowa yin ƙwai da dare, in Allah ya sa kun dace ku tsaya nesa, ba haska tocila ba filashin waya.

Ƙwari da dabbobi

Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da sassafe da yamma, kaga gidan sauro shi kaɗai bai wadatar ba. Man korar sauro mai DEET ko picaridin ya halatta ga yaran da suka kai shekarun naka, ka shafa a hannunka sannan ka shafa musu, ban da tafin hannu da kusa da ido, amma mai man lemon eucalyptus ba a sa wa ɗan ƙasa da shekara 3. Wanda ya fi sauro ban haushi shi ne ƙyashi, ƙanana ne ba ka ganinsu, suna tashi daga yashi da yamma, ƙaiƙayinsu ya yi mako, yaro ya sosa ya zama gyambo. Dogon wando da yamma, kar a zauna a kan yashi kai tsaye, ka tafi da man rage ƙaiƙayi ka yanke musu farce.

Guza zaku iya gani, wani ya fi mita ɗaya, yara za su firgita amma shi shara yake nema, a ba shi hanya kawai. A tsibiran da ke da birai irin su Tioman da Langkawi da Pangkor kar a ba su abinci kar yaro ya riƙe leda a gabansu, fizgewa suke, cizo ko yaƙushinsu kuma na asibiti ne. Abinci ko kaɗan kar ya kwana a cikin tanti, tururuwa da ɓeraye za su zo, a sa a roba mai murfi a rataye. Kuma ban da wanka a ƙorama ko kududdufi bayan ruwan sama, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a irin wannan ruwan kuma an san ta sosai a ƙasar nan.

Ci da sha da sallah

Ruwan sha lita 3 zuwa 4 ga kowane babba a rana, ka sayi manyan gora a Marang don a tsibiri tsada yake, ruwan famfon wurin na wanka ne kawai. Abinci kar ka wahalar da kanku, abin karyawa da na maƙulashe daga gida, burodi, dabino, dafaffen ƙwai na ranar farko, taliyar yara, garin kwaki da sukari da gyaɗa, yajinku a ƙaramar kwalba, sauran ku saya a wurin. Terengganu jihar Musulmi ce, halal ba wahala, amma wurin da ka ga ana sayar da giya ka tambaya. Ku ɗanɗana abincin gargajiyar jihar, nasi dagang da keropok lekor, a Marang. Nama ko kaza ko a cikin kular sanyi ba ya wuce yini a wannan zafin. In zaka kunna ƙaramin risho na gas a waje ne ba cikin tanti ba, hayaƙinsa yana kashewa ba a ji wari ba, kuma gwangwanin gas ba ya hawa jirgin sama. ATM babu a Kapas, ka ciri tsabar ringit tun a tudu.

Sallah da sauƙi, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba kuma zaman bai kai kwana huɗu ba. Ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Alƙibla dai kamar yadda kuka saba a Serdang, yamma ce ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 292, ka saita da wayarka tun da rana ka sa alama a yashi don intanet yana yankewa.

Inda iyakata take

Ni ba likita ba ne, kuma akwai yanayin da zan ce a fasa tantin gaba ɗaya. In akwai mai sikila a yaran, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya da daɗewa cikin ruwa har jiki ya yi sanyi duk suna tayar da ciwon, wannan sai ka zauna da likitansa kafin ka sayi tikiti, kuma ni zan ce ku kwana a Marang ku shiga tsibirin da safe ku fito da yamma. Haka in madam na da ciki, jirgin nan mai tsalle ba nata ba ne. Haka mai farfaɗiya ko asma mai tsanani.

A jakar magani ka sa farasitamol na yara, ma'aunin zafi, filasta, bandeji, maganin wanke ciwo da ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya daina fitsari ko ya yi laushi ko yake amai ba tsayawa a fita da shi, kar a ce bari gari ya waye a gani. Bayan kun dawo ma, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin mako biyu a kai shi asibiti a gaya wa likita inda kuka je, kuma kar a ba shi ibuprofen ko asfirin kafin a gwada dengi saboda suna ƙara haɗarin zubar jini. Fasfo da katin inshorar kowa a leda mai zif, don baƙo ya fi ɗan ƙasa biya a asibitin gwamnati, ka duba tun yanzu ko inshorar ta haɗa da madam da yaran ko kai kaɗai ta rufe.

Kafin tafiyar da mako biyu ka kafa tantin a falo ko harabar gidanku ku kwana ciki dare ɗaya da fanka mai cajin, a kashe AC. Nan zaka san ko auta zai yarda, ko fankar tana kai asuba, ko akwai sandar da ta ɓace a kwali. Farashin wurin zango da na jirgi kuma canzawa suke daga shekara zuwa shekara, ka tura wa mai wurin saƙo ta WhatsApp ya rubuto maka komai a rubuce, har da kuɗin yara da lokacin jirgin ƙarshe. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida madam da yaran.